Inci Huɗu a Ragar Bakin Teku

A garinmu Tanasoa, in mutum ya faye bin diddigi sai a ce masa, "Kai kuma yaushe ka zama Selwyn?" Selwyn Aruhane ake nufi, mai kula da filin ƙwallo, mutumin da ko kifi matarsa Nesta ta sayo a kasuwa sai ya shinshina shi ya tambayi sunan masuncin da ya kamo shi. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya tsaya yana jiran jin abin da ka zo roƙo. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, ranar zai yini yana tunanin abin da kake ƙullawa.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Yana ɗan shekara goma wasu masu yankan katako suka zo ƙauyensu da takarda da buhun shinkafa, mahaifinsa ya dangwala yatsa, kafin damina biyu dajin kakanninsu ya zama fili fetal, rafin da suke sha ya koma jan laka. Tun daga nan Selwyn ya daina yarda da takarda, da mai takarda, da duk wanda ya zo wajensa sanye da takalmi sau-ciki.

Mutum ɗaya tak ya tsira daga zarginsa a duk tsibiran Solomon, shi ne tsoho Patteson, wanda ya kafa filin.

Da can wurin fadama ce mai sauro. Lokacin yaƙin duniya sojojin Amurka suka cike ta da farin dutsen teku suka ajiye manyan motocinsu, da suka tafi suka bar tarin gangunan mai da bututun ƙarfe. Patteson yana saurayi, kafinta ne a coci, ya tara samarin gari suka kwashe tarkacen, suka cika ganga da siminti suna mirgina ta har ƙasa ta kwanta, mata suka yi ta jido ciyawa a kwanduna daga bakin kogi ana dasawa. Da bututun sojojin nan ya haɗa ragogi biyu. Ɗaya ta ba hanyar kasuwa baya, ɗaya ta ba teku baya, kusa ƙwarai, har in ɗan wasa ya ɗaga ƙwallo da ƙarfi sai dai masu kwalekwale su dawo da ita. Kudu da filin tudu ne, a nan talakawa ke zama kyauta, mutum dubu biyar in wasa ya yi wasa, kowa da lemarsa ko ganyen ayaba a ka. Arewa kuma rumfar katako ce mai rufin kwano, ta mutum ɗari uku, wadda guguwa ta yaye sau biyu aka sake rufawa. A goshinta an rubuta sunan Patteson da jan fenti.

Selwyn ya shigo gari yana ɗan ashirin da 'yan kai, yana dako a tashar jirgin ruwa. Wata Asabar Patteson ya gan shi yana gardama da mai sayar da gwaza a kan cewa gindin kwandonta cike yake da ganye. Tsohon ya tsaya har aka zazzage kwandon, ganyen ya bayyana, sannan ya dafa shi.

"Ɗana, kana son aikin da ba mai cutarka sai ruwan sama?"

Shekara shida suna aiki tare. Ya koya masa yankan ciyawa, da dama farar ƙasa ta zana layi, da yashe lambatun da ya zagaye filin kafin damina ta kankama. Ya nuna masa sandunan awo guda biyu, siraran bututu masu tsawon faɗin raga. Ƙasarmu ba ta rabuwa da motsi, in ta girgiza turakun raga sukan karkace, sai a shimfiɗa sandar tsakaninsu a daidaita. Ɗaya tana rataye a katangar kasuwa, ɗaya a shingen bakin teku.

"Kowace raga da sandarta," in ji Patteson. "Kada ka wahalar da bayanka kana jan ƙarfe daga wannan kai zuwa wancan."

Selwyn ya ga hikimar maganar. Da tsohon ya rasu, shi ya haƙa kabarinsa da hannunsa, ya ƙi bari kowa ya taɓa shebur ɗin.

Shekara ashirin da ɗaya ya riƙe filin shi kaɗai. A cikinsu ya zargi 'yan kwamiti da rage masa man inji, ya zargi masu sayar da goronmu na tsibiri da ake kira bilnat da tofa jan yawu a layinsa da gangan, ya zargi limamin coci da sa ranar taro a filin daidai lokacin da ciyawa ke farfaɗowa. Wasu zarge-zargen sun tabbata, shi ya sa ba a iya yi masa dariya gaba ɗaya. Amma babban abin zarginsa 'yan Lomusa ne, garin da ke hayin ruwa, waɗanda kan zo wasa cikin kwalekwale talatin da ganguna. Kafin kowane wasa da su yakan bi filin taku-taku yana duba ko an binne wani abu. Su kuma tun kaka da kakanni suna cewa akwai asiri a ragar bakin teku, don 'yan Tanasoa in suka ci ƙuri'a kullum ita suke bari su ci bayan hutun rabin lokaci, kuma a nan ake yi wa baƙi ɓarna.

"Rana ce," haka Selwyn ke cewa. "Da yamma tana dukan idon gola. Ko ranar ma ni na binne ta?"

Sai aka ba Tanasoa karɓar baƙuncin gasar larduna. Wata biyu kafin lokaci jirgin Laraba ya sauke wata mata daga hukumar ƙwallo ta babban birni Honiara, Joycelyn Ferani, da jaka a kafaɗa da tef ɗin awo na ƙarfe. Shugaban kwamiti ya rako ta, sannan Hudson, kocin Lomusa, wani ƙato mai tumbi da jan baki, ya ce shi ma yana da haƙƙin gani.

Selwyn ya dubi takalminta, ya dubi takardar da ke hannunta, ya tsuke fuska.

"Kawu, ina kwana," ta ce. "An ce mini babu fili mai kyan ciyawa kamar naka."

"Wa ya ce?"

Ta yi dariya ta kama aiki. Tsawon fili daidai. Faɗi daidai. Da'irar tsakiya daidai, har ta ɗaga kai ta jinjina masa. Ragar kasuwa ƙafa ashirin da huɗu cif. Da suka isa ta bakin teku ta ja tef, ta duba, ta saki, ta sake ja. Ta auna ƙasa, ta hau ganga ta auna sama.

"Kawu, wannan ta yi yawa da inci huɗu."

Hudson ya tofar da abin da ke bakinsa. "Me kika ce, 'yata? Ƙara faɗa, kunnena ya tsufa."

"Tef ɗinki ne," in ji Selwyn. "Ya miƙe a hanya."

"Ƙarfe ne, Kawu. In da ya miƙe ai da ƙasa zai nuna, ba sama ba. Kuma yanzun nan ya auna waccan."

Selwyn ya ciro sandar shinge ya shimfiɗa. Ta shiga tsakanin turakun kamar an ƙera su tare. "To, ga shi."

Joycelyn ta durƙusa ta auna sandar. Ƙafa ashirin da huɗu da inci huɗu.

Hudson ya riƙe tumbi yana ƙyaƙyatawa. "Ashe ba layu kake binnewa ba, malam, ƙarfe kake ja! Mu muna can muna ɓarnar kaji wajen masu magani!"

Kafin azahar labari ya gama kasuwa. Da Nesta ta je sayen rogo, wata ta tambaye ta ko a gida ma mudu biyu suke da shi. Ta dawo ta dire kwando a gabansa.

"Baban Hilda, dube ni. Kai ka yi?"

"Ke ma?"

"Ni ma. Shekara talatin kana buɗe mini tukunya kana ƙirga kifi, yau ba zan tambaye ka sau ɗaya ba?"

Bai ci abinci ba. Ya zauna a ƙarƙashin bishiyar mangwaro yana jera mutane a ransa. Matar nan, wa ya san ko danginta a Lomusa suke? Hudson, me ya kawo shi daidai ranar, in ba ya san abin da za a gani ba? Shugaban kwamiti yana da ƙane mai neman aiki. Sai ya tuna Casper mai walda, wanda ya gyara ragar shekara tara da suka wuce, bayan guguwa ta jefa mata kututturen kwakwa. Surukin Casper kuwa shi ne kyaftin ɗin Tanasoa a lokacin.

Washegari da sassafe ya sami Casper a rumfarsa yana liƙe farfelar jirgi.

"Nawa suka ba ka ka ƙara ƙarfe?"

Casper ya ɗaga gilashin fuskarsa. "Ina kwana dai tukuna, Yaya."

"Ban kwana ba. Nawa?"

"Kai fa ka tsaya a kaina ranar, har kana ƙirga sandunan waldar da na ƙona. Tsagewa ɗaya na liƙe a kusurwa. In na ƙara ƙarfe ai za ka ga gaɓa. Kuma turaku a cikin kankare suke, da haƙora na matsar da su? Je ka tona gindinsu mana, tunda tono ba baƙon abu ba ne a wajenka."

Ya tafi ya kankare fentin ƙarfen sama daga wannan kai zuwa wancan. Babu gaɓa, bututu ɗaya ne miƙaƙƙe. Ya ɗauki shebur ya tona gindin turken dama, rana na dukansa, mutane sun taru a kan tudu suna kallo kamar ana wasa. Wani ya yi ihu, "A hankali, kada ka fasa tulun asirin!" Kamu biyu ya tarar da kankare, tsoho, baƙi, saiwoyin ciyawa sun naɗe shi. Ya wanke samansa da ruwan teku. An rubuta 1961 da tsinke tun simintin yana ɗanye. Ya tona na hagu. Shekarar ɗaya ce, rubutun hannun ma ɗaya, kuma ya san hannun.

Ya daɗe a tsugune cikin ramin. Sannan ya tashi ya yi abin da bai taɓa yi ba cikin shekara ashirin da bakwai: ya je katangar kasuwa ya sauko da ɗaya sandar, ya jawo ta tsawon filin gaba ɗaya tana tsaga masa ciyawa, ya kwantar da ita kusa da 'yar'uwarta. Ya daidaita kawunansu da tafin ƙafa, ya taka zuwa ɗaya ƙarshen. Ta bakin teku ta zarce da faɗin tafin hannu. An goge bakinta sumul da magagari, aikin mai natsuwa wanda ya san abin da yake yi.

Matar Patteson, Gwaggo Salome, tana nan da rai, ta haura tamanin, tana zaune wajen jikarta a bayan coci. Ya same ta a baranda tana kankare kwakwa.

"Na ji an ce kana haƙar rijiya a fili," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Gwaggo, Baba ya sani?"

"Zauna mana. Tsayuwarka tana tare mini iska."

Ya zauna a matakala. Ta gama ɓarin kwakwar da ke hannunta tukuna.

"Bututun haka ya zo da tsawonsa. Zarton yankan ƙarfe ɗaya ne a garin nan lokacin, na Baturen gonar kwakwa, ya ce ba ya ba da aro. Ga 'yan Lomusa za su zo Asabar. Sai ya kafa turaku daidai bututun, ya ce in an samu zarto a gyara. Ranar kuwa aka zuba musu biyar, uku ta gefen turke." Ta yi 'yar dariya, bakinta ba haƙori. "Zarto ya samu bayan wata biyu. Bai taɓa ragar ba, da shi ya yanka waccan sandar awon ta bakin teku."

"Ke nan da gangan ne."

"Da farko dole ce. Daga baya, to, ɗan Adam ne."

"Me ya sa bai gaya mini ba? Ni na wanke shi, Gwaggo. Ni na sa shi a rami."

"Ya ce cikinka ba ya riƙe ƙarya, fuskarka za ta tona." Ta ɗauki wani ɓarin. "Kuma ya ce mutumin da ke zargin kowa, ba wanda zai kawo shi a rai. Tun ranar da ya gan ka kana zazzage kwandon matar nan ya dawo gida yana murna, ya ce ya samu mai gadi."

Selwyn ya dubi tsohuwar, ya ga yadda labarin ya fito mata a jere, babu tuntuɓe, ya fara tunanin ko shi ma labarin zarton an daɗe da goge bakinsa.

"Su wa kuma suka sani? Kyaftin-kyaftin ɗin nan da kullum ke zaɓar ragar?"

"Rana suke bi, ba haka kake cewa ba?"

"Gwaggo."

"Ni mace ce, ɗana, ban taɓa buga ƙwallo ba. Karɓi kwakwa ka kai wa Nesta."

Ran Lahadi a coci bai ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba. Tsofaffin kyaftin shida ya ƙirga a kan bencina, har da mai karanta addu'a, yana duban ƙeyar kowanne. Ɗaya ya waiwayo ya yi masa murmushi. Har yau Selwyn bai yanke hukunci a kan murmushin nan ba.

Litinin kwamiti ya zauna a rumfa, Joycelyn tana nan, Hudson ya zo da dattawan Lomusa huɗu. Kafin a fara shugaba ya ja Selwyn gefe.

"Girgizar ƙasa ce, ka ji ko? Ita ta buɗa turaku. Ba laifin kowa. Kai ka tsira, tsoho ya tsira, gari ya tsira."

"Girgizar ƙasar ce ta ƙara wa bututu tsawo?"

"Wa zai tambaya?"

Selwyn ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ma ka taɓa zama kyaftin, ko?"

"Mataimaki," in ji shugaba, ya kau da kai.

Da aka ba shi magana bai yi dogon bayani ba. Ya sa aka biyo shi cikin fili, ya nuna sandunan biyu a kwance, ya nuna ramukan.

"Ga shekara nan a rubuce, kowa ya iya karatu. Lokacin ban fi goyo ba. Ban ƙara ba, ban rage ba. Laifina ɗaya, ban auna abin da aka ba ni ba."

Ba wanda ya ambaci suna, amma idanu da yawa sun juya wajen jan fentin da ke goshin rumfa. Hudson ya cire hularsa ya sosa kai.

"Shekara hamsin. Ubana ya mutu ana ce masa gola mai hannun rariya."

"Kawu Hudson," in ji Joycelyn, "ai kowace ƙungiya rabin lokaci take yi tana cin ragar nan. Ku ma kun ci moriyarta."

"Mun ci ba mu sani ba! Wanda ya san ƙofa ta fi faɗi ai shi ke shiga a guje."

Ita dai ta rubuta a takardarta cewa a gyara kafin mako uku. Casper ya zo da injinsa, aka fasa kankaren hagu, aka yanke inci huɗu, aka matso da turke. Selwyn ya ce sai dattawan Lomusa sun tsaya an yi a gabansu. Su kuma da aka gama suka ce ai don an kama shi ne ya yi wa kansa wankan tsarki.

A gida ma bai sha da daɗi ba. Dangin Patteson sun daina amsa gaisuwarsa, suka ce ya tona asirin wanda ya ɗauke shi daga dako. Samari suka ce ya sayar da gari. Da aka yi gasar, Tanasoa ta fita a wasa na uku, ƙwallo ta daki turken hagu na bakin teku ta dawo ana saura minti biyar, tudu gaba ɗaya ya juyo yana kiran sunansa da abin da ba ya maimaituwa. Nesta ce ta sauko daga tudun da lemarta a naɗe, ta tsaya kusa da shi a bakin layi har mutane suka watse.

"Da ta shiga," ta ce a hanyar gida.

"Na gani."

"To, ka ci abinci yau, ko kuma in ba kare."

Ba a kore shi ba, don babu mai son yashe lambatun nan. Kabarin Patteson kuwa bai daina share shi ba duk ƙarshen wata, sai dai yanzu ba ya zama ya yi masa hira kamar da. Yana gama shara yake tafiya.

Yanzu ya haura sittin, gwiwa ta fara ba shi wahala. Duk ranar wasa da Lomusa, Hudson yakan riga kowa sauka daga kwalekwale da tef ɗinsa da ya aika aka sayo masa daga Honiara. Selwyn na jiransa da nasa. Sai su fara gwada tef da tef, sannan su auna raga biyu, sama da ƙasa, ɗaya riƙe da wannan kai, ɗaya da wancan.

"Ɗage babban yatsanka in gani," in ji Hudson.

"Kai fara ɗage tumbinka, ya rufe lamba."

In sun gama sai su zauna a kan gangar siminti su raba goro ɗaya. Hudson ne ke fasawa, Selwyn ne ke zaɓa.